Mashin ɗin Baba Yana Neman Haɗa Ni da 'Yan'uwana

Assalamu alaikum. Ni malamin firamare ne a Argungu, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Mahaifinmu ya rasu shekara uku da suka wuce, ya bar Innarmu da mu biyar, maza biyu mata uku. Cikin abin da ya bari akwai tsohon mashin ɗinsa, Honda 175, wanda ya saya a 1975 da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin da aka yi wa ma'aikatan gwamnati, lokacin yana koyarwa. A bayansa aka kai ni makaranta ranar farko. Da aka zo rabon gado an raba gona da gida, mashin ɗin kuwa ba wanda ya waiwaye shi, don ya daɗe jingine a zaure ba ya tashi. Na ɗauke shi na kai wa bakanike, ina gyara kaɗan-kaɗan har ya tashi. Yanzu ranar Juma'a nake hawansa zuwa masallaci, wani lokaci in leƙa Birnin Kebbi.

Takardun har yau sunan Baba ne, lambar ma tsohuwa ce tun muna cikin jihar Sakkwato. Shekara biyu a jere ina ba wani dillali naira 25,000 ya sabunta min takardu da inshora. Bana 'yan sanda suka tare ni, suka duba a waya suka ce inshorar ba ta cikin na'ura. Maiɗakina ta ce ɓarnar kuɗi nake yi tunda ina da mashin ɗin zuwa aiki. Yayana kuma ya ji wani mai tara tsofaffin mashina ya taya shi naira 600,000, ya ce a sayar a raba. Wani abokina da ke Ingila ya ce can tsofaffin babura ba sa biyan haraji. Nawa ne ainihin kuɗin takardu da inshora a shekara? Inshorar ma ta halatta? Ko dai in haƙura in sayar?

Daga wani malami, Argungu.

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ilimin da ya koyar ya zame masa haske a kabari. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma inda na fi tsayawa shi ne ranar farko ta makaranta. Duk wanda ya tashi a gidan malamin makaranta na wancan zamani ya san ƙarar Honda 175 in ta shawo kwanar unguwa da la'asar, ya san yadda yara ke rugawa su karɓi jakar littattafai tun maigida bai gama kafe mashin ba. Na fahimci abin da kake riƙe da shi, kuma ina ganin ya cancanci a riƙe.

Sai dai kafin mu zo kan kuɗin takardu, akwai maganar da ta riga ta, kuma ina roƙonka ka saurare ta da sanyin zuciya. Mashin ɗin nan har yau bai zama naka ba. Ranar da Baba ya rasu ya shiga cikin dukiyar magada, daidai da gonar da gidan. Mantawa da aka yi da shi a zaure ba ta fitar da shi daga gado ba, gyaran da ka yi masa ma haka. Saboda haka yayanka bai faɗi abin da ya saɓa hanya ba da ya ce yana da haƙƙi a ciki, ko da kuwa sai da ya ji an taya sannan ya tuna. Na san da ciwo mutum ya kwashe shekara biyu yana zarya wurin bakanike shi kaɗai, sannan da abu ya yi kyau a zo a ce a raba. Amma in ka tsaya kan wannan ciwon, za ka rasa mashin ɗin ko ka rasa ɗan'uwa, wataƙila ma duka biyun.

Mu yi lissafi da kuɗin da aka taya. Idan magadan su ne waɗanda ka lissafa kaɗai, a cikin naira 600,000 Inna tana da tumuni, wato 75,000. Saura 525,000 a kasa bakwai, tunda namiji na da rabon mace biyu: kowace cikin 'yan'uwanka mata ta tashi da 75,000, kai da yayanka kowa 150,000. Ke nan in kana son ya zama naka kai kaɗai, abin da ke kanka shi ne 450,000, idan kowa ya ce sai an biya shi. Amma kada ka tsorata da wannan adadi, don akwai abin da ya kamata a ɗora a faifai: mashin ɗin da ka ɗauko daga zaure, taya a sace, tanki da tsatsa, ba shi aka taya 600,000 ba. Guminka da kuɗinka ne suka kai shi nan. Zauna ka rubuta duk abin da ka kashe, ka sa bakaniken ya tuna maka abin da ka manta, ku kai gaban malamin da ya raba muku gadon tun farko, ko alƙalin kotun shari'a, ya duba yadda za a fitar maka da naka kafin a kasa sauran. Kada kai ka yanke wa kanka hukunci a kan dukiyar da kake da rabo a cikinta.

Ta wajen Inna za ka fara. Je ka same ta ita kaɗai, ba a gaban yayanka ba, ka gaya mata abin da mashin ɗin yake a wurinka, ka kuma amsa cewa ka yi kuskure da ka ɗauka ba ka nemi izinin kowa ba. Ita ta zauna a bayansa kafin a haife ku, ta fi ku sanin tarihinsa. Daga nan ka bi 'yan'uwanka mata ɗaya bayan ɗaya. Mai yiwuwa wata ta ce ta yafe maka, mai yiwuwa wata ta ce ka ba ta nata in an yi albashi. Abin da nake gargaɗinka da shi shi ne kada ka tara su a tsakar gida ka ce "wa zai yafe?" Mata da yawa a irin wannan zama kunya ke sa su cewa sun yafe alhali suna cikin buƙata, kuma abin da aka karɓa da kunya ba ya da albarka. Wadda ka san gidanta da ƙunci, ko ta ce ta bari, ka matsa mata ta karɓa. Shi kuwa yayanka, ka ba shi girmansa, ka ce masa ka ji maganarsa kuma gaskiya ce, kana neman ya sayar maka da kasonsa ka riƙa biya wata-wata. Duk yadda kuka tsayar, a rubuta, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu, a kai kotu ta buga hatimi. Wannan takardar za ta kashe maganar har ga 'ya'yanku, kuma ita za ka riƙe zuwa ofishin lasisi.

To, ga maganar dillali. Ina da yaƙinin an cuce ka, kuma alamar tana cikin wasiƙarka. An ƙirƙiri jihar Kebbi a watan Agustan 1991, an sauya tsarin lambobin ababen hawa na ƙasa a 1992, aka sake sabunta shi a 2011. Yanzu komai a kwamfuta ake shigarwa, da lambar da ke jikin mashin, da sunan mai shi. Mashin mai lambar zamanin tsohuwar Sakkwato, da sunan mutumin da ya rasu, wace na'ura ce za ta sabunta masa takardu shekara biyu a jere? Abin da ake ba ka takarda ce mai kyan bugu, shi ke nan. Ka je ka same shi cikin lalama, ka nemi rasidin gwamnati na kuɗin da ya ce ya biya. In ya kasa kawowa ka nemi kuɗinka, in ya hana ka bar shi da Allah ko ka kai ƙara, amma kada ka sake miƙa masa ko sisi, kuma kada ka sake hawa titi da waɗannan takardu.

Kuɗin gaskiya kashi biyu ne: wanda za ka biya sau ɗaya, da wanda zai riƙa dawowa duk shekara. Na sau ɗaya shi ne rajista da sunanka da sabuwar lamba. A farashin da hukumar haraji ta haɗin gwiwa ta ƙasa ta sanar, wanda ya fara aiki a watan Yunin 2025, lambar mashin naira 12,000 ce. Akwai kuma kuɗin rajista da na sauya suna, waɗanda jiha ke yankawa. Da ƙafarka za ka je ofishin lasisin ababen hawa na hukumar tara kuɗin shiga ta jiha, ka ce a nuna maka jadawalin kuɗin mashin na kai, ba na kabu-kabu ba, ka biya ta hanyar da za a ba ka rasidi. Ka tafi da takardar kotu, da takardar shaidar rasuwar Baba, da tsofaffin takardunsa in suna nan, da lambarka ta ɗan ƙasa. Za a nemi lambar inji da ta jikin mashin. Ta jiki tana buge a wuyansa, ƙasan kan da kake riƙewa, kuma a tsohon mashin sau da yawa datti da fenti sun cike ta. Goge wurin da ɗan kananzir da tsumma, ka ɗora farar takarda ka shafa fensir a kai a hankali, za ka ga lambobin sun fito fes. Kada ka bari a kankare wurin da ƙarfe ko a sake buga lambar, don hakan na sa a zarge ka da mashin ɗin sata.

Na shekara-shekara kuwa ba su kai yadda aka tsorata ka ba. Akwai lasisin mashin da takardar lafiyarsa ta jami'an VIO, su ma jiha ke sa musu farashi, za ka gan su a wancan jadawalin. A 2023 an sanar da naira 1,000 ta sabunta takardar shaidar mallaka duk shekara. Lasisin tuƙin mashin, a farashin 2025 ɗin nan, naira 7,000 ne na shekara uku, 11,000 na shekara biyar, kuma guda ɗaya ya ishe ka hawa mashinanka biyu. Sai inshora: tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da kamfanonin inshora ta tsayar da naira 3,000 a shekara ga mashin, mota ta kai kuma 15,000. Ka kwatanta da 25,000 da kake miƙawa.

Bari in ɗan daɗe kan inshorar, don mutanenmu da yawa suna ɗaukarta takardar wuce shingen 'yan sanda ce kawai. Tun 1945 doka ta wajabta ta, rundunar 'yan sanda kuma ta sanar da tsananta bincikenta daga 1 ga Fabrairun 2025, shi ya sa ka ga ana dubawa a waya. Wannan ta naira 3,000 ba kai take karewa ba, ba kuma mashin ɗinka ba. Wanda ka yi wa ɓarna take biya. A ce kana dawowa daga masallaci birki ya ƙi ci, ka afka wa teburin mai sayar da kifi ko ƙofar motar wani, ko, Allah ya kiyaye, ka buge yaro. A ƙa'idar 2023 ɗin nan, kamfanin zai biya ɓarnar dukiya har zuwa naira miliyan 1, ya kuma ɗauki diyyar rauni ko rai. Da takardar bogi kuwa, duk wannan a wuyanka zai faɗo, da albashin malamin firamare. Kuma ko ta gaske ce, in da sunan mamaci aka yanke ta, ranar biya ka ba kamfani ƙofar gardama. Ranar da ka yanki sabuwa da sunanka, ka danna *565*11# a wayarka ka sa lambar mashin, ka ga sunan kamfanin da ranar ƙarewa da idonka.

Game da halacci, ni ba zan ba ka fatawa ba, wannan na malamai ne. Abin da zan gaya maka shi ne akwai takaful, tsarin da aka gina kan taimakekeniya: mahalarta na zuba gudummawa a asusu ɗaya, a biya wanda tsautsayi ya faɗa wa, in an samu rara a raba musu, kuma akwai kwamitin malamai da ke sa ido. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, ta kuma ba kamfanonin Jaiz Takaful da Noor Takaful lasisi a 2016. Ka tuntuɓi irin waɗannan kan mashin, hankalinka zai fi kwanciya.

Akwai kuma cikakkiyar inshora, wadda ke biyan sata da gobara da lalacewar mashin ɗin kansa. Ƙa'idar NAICOM ita ce kada kuɗinta ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar abin hawa, ke nan a kan 600,000 aƙalla 30,000 a shekara. Ni dai ban ba ka shawarar ta ba a halin da kake ciki. Kamfani kan biya ne bisa farashin kasuwa a ranar da abu ya faru, kuma mashin mai shekara 50, in ba a rubuta darajar da kuka amince a kai ƙarara cikin yarjejeniya ba, ana iya yi masa kuɗin tsohon ƙarfe. Mashin ɗin da sau ɗaya yake fita a mako, sarƙa mai kauri da kwaɗo mai kyau da ɗaki mai ƙofa sun fi maka sauƙi.

Abokinka na Ingila gaskiya ya faɗa. Can abin hawan da ya haura shekara 40 ana iya sa shi a rukunin kayan tarihi, ba ya biyan harajin hanya, kuma tun watan Mayun 2018 aka ɗauke masa gwajin lafiya na shekara muddin ba a yi masa babban sauyi ba. A Jamus shekara 30 ce, a ba shi lamba mai harafin H a ƙarshe, mashin ya biya kimanin Yuro 46 a shekara. Duk da haka a ƙasashen biyu ba mai hawa titi ba inshora. A nan gida farashin NAICOM bai raba tsoho da sabo ba, mashin mashin ne, don haka kada ka je ofis kana jiran rangwamen tsufa.

Inda kuɗi ke zurarewa da gaske shi ne wurin bakanike, kuma ina zaton wannan ne ke ci wa maiɗakinka tuwo a ƙwarya. Honda 175 silinda biyu gare ta, wutarta ta bolt 6 ce, ba irin ta mashinan yanzu ba, don haka batir da ƙwan fitila sai an nema. Taya na tsagewa ko ba a hawa, fetur in ya daɗe a kafireta yana daskarewa ya toshe ta. Yau 4,000, jibi 7,000, ba a rubuce ba, ba a shawarta ba. Ita kuma tana ganin kuɗin makarantar yara huɗu da cefane, ga yadda komai ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ba ta ƙi Baba ba, Malam, ramin da ba ta ga ƙarshensa ba take tsoro. Bayan ka dawo daga ofishin lasisi, zaunar da ita da takarda a hannu, ka nuna mata: ga na sau ɗaya, ga na shekara, ga iyakar abin da zan kashe a gyara, in ya ƙare mashin ya jira baɗi. Ka gaya mata gaskiya cewa an cuce ka 50,000, kada ta ji a bakin wani. In da hali, kuɗin mashin ya fito daga wata hanya daban, kamar buhu ɗaya na shinkafar da ka noma ko darasin yamma, ya zama bai taɓa albashi ba. Ka kuma tambaye ta ita me take so a ware mata kwatankwacin haka. Mace in ta ga an sa ta cikin lissafi, ba ta cika tsayawa kan bakanta ba.

In ka duba ka ga bana aljihu ba zai ɗauki biyan magada da rajista a lokaci ɗaya ba, ka fara da magada, ka jingine mashin. Wanda ba ya hawa titi ba ya buƙatar lasisi ko inshora. Ka tsiyaye man tanki da na kafireta, ka cire batir, ka kafe shi a tsakiya tayoyi su bar ƙasa, ka lulluɓe shi da tsohon zane mai shan iska, ba leda ba, don leda na tara gumi ta jawo tsatsa. Duk wata ka ɗan taka kik sau kaɗan don fistin kada ya kame. Tsohuwar lambar da takardun Baba da duk wani ƙarfe na asali da aka cire, ka adana su a akwati, kada kuma ka yi masa sabon fenti, masu sanin darajar irin wannan mashin da kayansa na asali suke sonsa.

In kuwa 'yan'uwa suka tsaya kan a sayar kuma ba ka da abin fansarsa, kada ka mai da shi gaba. Ka nemi a ba ka wata uku ko shida ka gwada haɗa kuɗin. In bai yiwu ba, ka tsaya a samu mai taya na biyu don a san farashin gaskiya, a fitar maka da kuɗin gyaranka, a yi takardar ciniki mai ɗauke da lambar inji da ta jiki. Kafin ya bar gida ka ɗora yaranka a kai ku yi hoto a ƙofar zauren Baba, ka riƙe tsohuwar lambar in mai saye ya yarda.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga za ka iya riƙe shi, don abin da ke tsakaninka da shi bai fi zama biyu ko uku da 'yan'uwa da yini ɗaya a ofishin lasisi ba. Wannan Juma'ar ka bar shi a gida, ka hau na zuwa aiki da hular kwanonka, in an sauko ka wuce wurin Inna da ɗan goronta. In kun yi magana ka sake rubuto min yadda kuka yi, ka haɗo da abin da aka nuna maka a jadawalin ofis mu ƙarasa lissafin tare. A gaida maiɗaki da yara.